Mataccen fayin a murhun ƙarfe: rajistar aikin itacen hunturu a tsaunukan Kolorado

19 ga Agusta

Abin da ake son tabbatarwa ɗaya ne: ko ƙaramin gidan katako a yankin Grand County na jihar Kolorado a Amurka, kan tsauni mai tsayin kusan mita 2,700, zai iya wuce hunturu da itacen fayin zalla ba tare da bututun hayaƙi ya cika da kwalta ba. Fayin ita ce bishiyar nan mai ganye kamar allura, irin wadda aka dasa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tudun Jos. Ta Kolorado dai jinsinta daban ne, Pinus contorta, siririya, miƙaƙƙiya kamar falwaya.

Itacen na nan birjik saboda annobar wani ƙwaro, Dendroctonus ponderosae, wanda bai fi ƙwayar shinkafa girma ba. Yana huda ɓawo ya yi ƙwai a ƙarƙashinsa, tsutsotsinsa su cinye fatar da ke kai wa bishiya abinci, ya kuma shigo da wata fumfuna da ke toshe hanyar ruwa. Daga 1996 zuwa 'yan shekaru bayan 2010 ya shafi eka kusan miliyan 3.4 a Kolorado kaɗai. A lardin British Columbia na Kanada ɓarnar ta haura hekta miliyan 18.

An yanki takardar izinin sare itace daga hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka. Ma'auninsu shi ne kod: tsibin itace jerarre mai ƙafa 4 faɗi, ƙafa 4 tsayi, ƙafa 8 tsawo, wato kimanin mita 3.6 na kubik idan an haɗa da guraben iska. An nemi kod biyar.

24 ga Agusta

Zaɓen bishiya. Kashi uku ake gani a daji, kuma ɗaya kawai ake so.

Akwai mai koren ganye amma jikinta ya yi tsuro-tsuro da dunƙulen ƙaro kamar gugguru, ga garin katako a gindinta. Wannan bana ƙwaro ya shige ta, 'ya'yansa na ciki har damina mai zuwa. Ba a taɓa ta, domin wanda ya kai ta gida ya kai wa bishiyoyin maƙwabta annoba. Akwai mai jan ganye, wadda ta mutu bara. Ƙwarin sun fice, amma jikinta ɗanye ne har yanzu. Sai ta uku, mai launin toka, ganye ya kaɗe, ɓawo yana saɓulewa da hannu, jiki ya tsage a tsaye. Ita ake nema.

Sarar matacciyar bishiya ta fi ta ɗanya haɗari. Kanta na iya ɓallewa ya faɗo saboda girgizar injin zarto, saiwarta ta ruɓe, kuma ɗan naman da ake bari tsakanin yanka biyu domin ya riƙe ta ya juya ta inda ake so, a busasshiya karyewa yake yi, ba ya lanƙwasa. Don haka hular kwano dole, a share hanyar gudu biyu kafin a kunna inji, in iska ta taso a tattara a tafi. Injin kuma sai yana da ragar hana tartsatsi a bakin salansa, sharaɗi ne a dajin gwamnati.

31 ga Agusta

An yanka gumagumai a kan santimita 40, saboda cikin murhun 45 ne, ana son ɗan sarari tsakanin itace da gilashin ƙofar murhun. Fayin irin wannan tana da daɗin faskare. Gatari ɗaya gungume ya rabe biyu, sai inda reshe ya fito.

A nan aka ci karo da abin da ya zama ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Matacce daban, busasshe daban. An faskara guntu daga kowane sashe na bishiya guda, aka soka alluran na'urar auna danshi a sabon gefen da ya tsage, a bin tsawon jijiyar itacen. Daga tsakiya zuwa sama na'urar ta nuna 13 zuwa 16 cikin ɗari. Mita biyu na ƙasa kuwa 27 zuwa 33. Bishiyar ta shekara da shekaru da mutuwa, amma gindinta na tsotsar laimar ƙasa, dusar ƙanƙara kuma tana taruwa a jikinsa wata da watanni. Wanda ya auna a kan tsohon yanka ko a kan ɓawo zai ga 12 ya yi murna, alhali ciki jiƙe yake. Iyakar da ake bi ita ce 20 cikin ɗari, abin da ya haura ba ya shiga murhu.

An raba tsibi biyu. Na gindi an shafa musu jan fenti a kai don kada su gauraye. Duk guntun da farce ke shiga jikinsa, ko ya yi sakayau kamar soso, an bar shi a daji. Ruɓewa ta riga ta cinye abin da za a ƙona.

Shuɗin da ke zagaye da gefen kowane yanka aikin fumfunar ƙwaron ne. Launi ne kawai, ba ya hana cin wuta.

7 ga Satumba

Jeri. Ƙasa an shimfiɗa katakan ɗora kaya don itace ya tashi daga laima da kamu ɗaya. Layi ɗai-ɗai, tsayin mita 1.2, fuskarsu kudu, iskar yamma na ratsawa. An rufe sama kaɗai da tsohon kwano aka danne da duwatsu, gefe a buɗe. Tamfol da aka naɗe tsibi da shi har ƙasa tururi yake tarawa, itace ya yi gumi. Tsibin yana nesa da gida da mita 10, domin wannan yanki ne na gobarar daji.

21 ga Satumba

Duba murhu da bututu kafin wutar farko.

Murhun na ƙarfe ne, cikinsa lita 57, da tubalin wuta a ƙasa da gefe, da faranti a sama mai tare harshen wuta, a ƙarƙashin farantin kuma bututai huɗu masu ƙananan huji. Su ne ke feso iska mai zafi a kan hayaƙi ya sake kamawa. Wannan ƙonawa ta biyu ita ce bambancin murhun zamani da tsohon durom da aka huda wa ƙofa. Tun 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade wa sababbin murahu giram 2 na ƙurar hayaƙi a awa, ko 2.5 idan da faskare aka gwada su.

Abubuwan da aka tarar: tubali ɗaya ya tsage gida biyu amma yana zaune daram, an bar shi. Igiyar da ke toshe bakin ƙofa ta kwanta a kusurwar sama. Gwajin mai sauƙi ne, a maƙale takarda a rufe ƙofa a ja. In ta zare ba gardama, iska na satar shiga. An sa sabuwa da gam ɗinta, aka bar ta ta kwana.

Bututun faɗinsa santimita 15. Na cikin ɗaki mai bango ɗaya ne, tazararsa da katakon bango santimita 45, kamar yadda ƙa'idar kare gobara ta Amurka, NFPA 211, ta tanada. Daga silin zuwa sama mai bango biyu ne da abin riƙe zafi a tsakani. A waje dole kansa ya haura inda ya huda rufi da santimita 90, ya kuma ɗara duk wani abin da ke cikin mita 3 da shi da santimita 60. Tsawonsa duka mita 4.6 ne. A bakin teku wannan ya isa, amma a kan tsauni iska ba ta da kauri, zuƙar bututu na raguwa. An ƙara guntu ɗaya na santimita 90 da sandunan riƙo.

An share shi tas da buroshi domin duk abin da za a gani nan gaba a san na bana ne. An manna ma'aunin zafi mai maganaɗisu a jikin bututun cikin ɗaki, santimita 45 sama da murhu, wani kuma a kan murhun. An sauya batir a na'urar ƙararrawar hayaƙi da ta kabon monoksaid. Wannan iska ita ce ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ba launi ba wari.

5 ga Oktoba

Wutar farko, an hura ta daga sama. Manyan faskare uku a ƙasa, matsakaita huɗu a gicciye, ƙirare a kai, takarda biyu a murɗe a can ƙoli. Makullin iska a buɗe gaba ɗaya. Amfanin haka shi ne bututu yana ɗaukar zafi tun minti na farko, hayaƙin da manyan ke fitarwa kuma sai ya ratsa ta cikin harshen wuta kafin ya fita.

Minti 12 ma'aunin bututu ya kai digiri 200 na Salsiyas. An rage iska zuwa rabi, bayan minti biyar zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Harsuna suka bar jikin itace suka koma sama suna lilo a bakin hujin bututan nan, shuɗi da ruwan goro. Da aka leƙa waje, babu hayaƙi a bakin bututu sai iska mai rawa. Haka ake so.

Mizanin da za a bi: jikin bututu tsakanin digiri 120 da 245. Ƙasa da haka tururi da hayaƙi na daskarewa a bango su zama kwalta. Sama da haka zafin ɗaki ne ke tserewa ta rufi.

18 ga Oktoba

Gwaji da gangan, don a kashe gardamar da ake yi cewa ƙaron fayin ne ke toshe bututu. An cika murhu da masu jan fenti, waɗanda yau suka nuna 26 zuwa 30, aka bi matakan ranar 5 ga wata ba ragi.

Bakin itacen ya yi ta tsiyayar kumfa yana tsuwa. Minti 30 bututu bai wuce digiri 110 ba. Da aka taɓa makullin iska wutar ta kwanta, gilashi ya yi baƙi ƙirin daga kusurwoyin ƙasa, waje kuma farin hayaƙi mai kauri yana gangarowa kan rufi, da warin nan mai tsami.

Lissafin a fili yake. Na'urar tana auna ruwa ne a kan nauyin busasshen itace. Lodin kilo 10 da ya nuna 15 yana ɗauke da ruwa kimanin lita 1.3, wanda ya nuna 30 kuwa lita 2.3. Kowace lita sai ta ci zafi wajen megajul 2.5 (ma'aunin makamashi) kafin ta zama tururi. Asarar zafin ma ba ita ce babbar matsala ba. Tururin yana sanyaya cikin murhu har hayaƙi ya kasa kamawa, domin ƙonawa ta biyu tana son zafin da ya kai wajen digiri 600. Hayaƙin da bai ƙone ba shi ne ke hawa ya manne. Ƙaro kuwa makamashi ne, a wuta mai zafi cinyewa yake yi, kilo na fayin ma ya ɗan ɗara kilo na itace mai tauri yawan zafi saboda shi. Masu zagin fayin sun bar jaki suna dukan taiki. A Kanada da Alaska da arewacin Turai akwai garuruwan da irin wannan itace mai laushi ne rabin abin da suke da shi, kuma da shi suke wuce hunturu.

Washegari wuta ɗaya mai zafi da busasshen faskare ta wanke gilashin, saura 'yar dauɗa a kusurwa da aka goge da jiƙaƙƙiyar takarda da toka.

9 ga Nuwamba

Kuskure ta ɗaya gefen. An loda ƙananan faskare goma sha biyu, busassu ƙayau, biyu daga ciki masu jan ƙaro a mahaɗar reshe, a kan garwashi mai yawa, aka bar iska a buɗe fiye da kima. Kan ka ce kwabo saman murhu ya kai digiri 410, bututu ya haura 300, ƙarfe na ƙas-ƙas, fenti na wari. An rufe iska zuwa ƙarshenta, aka juya fanka tana busa jikin murhu, cikin minti 20 ya sauko. Ba a zuba ruwa, tubali da gilashi za su tarwatse.

Dalili: siririn faskare fuskarsa da yawa, duka yana sakin iskar da ke ci da wuta lokaci guda, fayin kuma ba ta jira. Irin wannan zafi in ya maimaitu yana lanƙwasa farantin sama da bututan iska. Gyaran da aka yi: lodi ya zama manya biyar ko shida masu kaurin santimita 12 zuwa 15, a matse da juna, a tattara garwashi gaba kusa da ƙofa don wuta ta ci daga gaba zuwa baya. A fara rage iska tun bututu yana digiri 180, kada a jira 250. Masu jan ƙaro an ware su an tsattsaga kamar yatsa, sun fi kowace takarda saurin kama wuta.

Ba a barin ƙofa a buɗe ko na minti ɗaya in ba mutum tsaye. Fayin na tartsatsi, aljihun ƙaro ne ke fashewa ya cillo garwashi har bayan shimfiɗar ƙarfen da ke gaban murhu.

23 ga Nuwamba

Duban bututu na farko, bayan an ƙone kod ɗaya. An cire hular da ke saman bututun aka haska tocila. Abin da ke jiki gari ne mai launin toka da ƙasa-ƙasa, bai kai milimita 1 ba, buroshi ɗaya ya kakkaɓe shi, duka bai cika gwangwanin madara biyu ba. A rabin mita na ƙarshe, inda sanyi ke dukansa, akwai 'yan ɓawo baƙi masu ƙyalli.

Kunkunniyar bututu hawa uku ce. Gari mai laushi, wanda ba komai. Ɓawo mai ƙaras-ƙaras kamar ƙanzo, wanda buroshin ƙarfe ke cirewa da ƙyar. Sai mai sheƙi kamar kwaltar titi da ta narke ta daskare, buroshi zamewa yake yi a kanta, kuma ita ce ke kama gobarar da ke haura digiri 1,000. Masu sana'ar share bututu a Amurka suna cewa in kauri ya kai milimita 3 a share, in mai sheƙi ce ko bai kai ba a yi maganinta.

14 ga Disamba

Batun kwana. Nan fayin ta nuna iyakarta, kuma ba dabarar da za ta sauya nauyin itace. Mita ɗaya na kubik na busasshiyar fayin irin wannan bai kai kilo 500 ba, na farin ok, wata bishiya mai itace mai tauri, ya haura 700. Kod ɗaya na ok sai an ba shi kod ɗaya da rabi na fayin kafin su yi kunnen doki. Bambancin kamar na kirya ko marke ne da itacen rimi: ɗaya ya bar garwashi har asuba, ɗaya ya bar toka.

Cikakken lodi, kilo 10 zuwa 11, yana ba da harshen wuta awa biyu da rabi, zafi mai amfani awa biyar. An loda ƙarfe 10 na dare, waje digiri 22 ƙasa da sifiri. Ƙarfe 6 na safe murhu ɗumi-ɗumi, garwashi bai fi cikin tafin hannu ba, ɗaki digiri 12.

Jarabar da ke zuwa wa kowa ita ce a loda a toshe iska nan take don itace ya daɗe. Zai daɗe ɗin, yana turnuƙa, bututu yana shan kwalta har gari ya waye. An ƙi wannan. Abin da aka yi: gumagumai biyu da ba a faskara ba, masu kaurin santimita 18, an auna 'yan'uwansu sun nuna 16, a baya can ƙasa, faskare a kansu. A bar wuta ta kama ko'ina har jikin itace ya yi baƙi, minti 15 zuwa 20, sannan a rage iska a hawa uku. An kuma daina kwashe toka tas, ana barin kaurin santimita 3, tana rufe garwashi kamar yadda ake binne wuta a murhun tsakar gida. Da haka da safe ana samun abin da zai tada ƙirare ba sai an ƙyasta ashana ba.

4 ga Janairu

Hayaƙi ya fara dawowa ɗaki duk lokacin da aka buɗe ƙofa, wuta kuma ta yi nauyin tashi ko da itace mai kyau. Ba bututun ba ne, ragar hular sama ce. Ita ta fi ko'ina sanyi, kunkunniya ta haɗu da ƙanƙara ta toshe fiye da rabin idanunta. Buroshin ƙarfe minti biyar, zuƙa ta dawo. Ba a cire ragar ba duk da haka, tartsatsin fayin a kan dajin da ya bushe ba abin wasa ba ne.

An bi sawu an gano mafarin. Guguwar ƙarshen Disamba ta cusa dusar ƙanƙara ta gefen yamma na tsibi, ana ɗauko itace da farin gari a jiki ana jefawa a wuta kai tsaye. Cikinsa busasshe ne, amma jiƙar waje ta isa ta kwantar da wuta a minti goma na farko, lokacin da aka fi yin hayaƙi. Yanzu ana shigo da na kwana biyu a jere a cikin ɗaki, mita ɗaya daga murhu, an kuma kafa allon katako ta yamma. Itace mai ƙanƙara ma na'ura ba ta faɗin gaskiyarsa, sai ya kwana a ɗaki a faskara sannan a auna.

Toka ana zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye kan siminti a waje, ba kan dandamalin katako ba. Garwashi na iya kwana uku ko fiye a cikinta da ransa.

1 ga Fabrairu

Duba na biyu, an ƙone kod uku da kusan rabi. Gari mai laushi, milimita 1 zuwa 2 a sama, ƙasa kusan fes. Ba mai sheƙi. An share, an kwashe abin da ya zubo kan farantin sama, domin in an bar shi yana tare hanyar hayaƙi. Bututun iska na gaba ya ɗan lanƙwasa a tsakiya, sawun ranar 9 ga Nuwamba ke nan, amma hujinsa a buɗe suke. An yi odar sabo.

Ci yanzu ya kai kod ɗaya a sati huɗu, sanyi kuma a nan yana kaiwa Mayu. Busasshen da ya rage bai kai kod ɗaya ba. Masu jan fenti an faskara uku an auna bayan sun kwana a ɗaki: 21, 23, 19. Sun kusa, amma ba su kai ba. An sake raba manyansu biyu, an kwaso rabin kod zuwa rumfar kudu inda rana ke bugu. Za a riƙa sa ɗaya a cikin kowane lodi na biyar, a sama, da rana kawai lokacin da ake ganin ma'auni. Awo na gaba ranar 15 ga wata, tare da leƙa ragar hula.